Daga Tafin Raƙumi Zuwa Ƴar Fitilar Mota: Tarihin Iskar Taya A Hanyar Damargu

Cikin sanyin shekarar 2022 ne ƙanena, wanda ke neman kuɗi a Kwatano, ya iso Tanut da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin wadda ake ƙerawa don gudu. Ƙirar 2008 ce, ta ci ƙuruciyarta a Amurka, ta tsufa, sannan jirgin ruwa ya kawo ta bakin teku. Ya zo da ita ne don bikin ƙanwarmu a Belbeji, ko da yake duk wanda ya dubi yadda cikinta ke kusan shafar ƙasa ya san a Tanut za ta kwana, mu kuwa mu nemi motar daji. Yaran unguwa sun kewaye ta suna leƙe. Ni da na shiga ciki, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne wani guntun baƙin salatif da aka manna a allon gaban direba.

Na ce masa, "Wannan fa na mene ne?"

Ya ce, "Yaya, wata wuta ce ta dame ni tun ranar da na sayi motar. Makanike ya ce ba komai ba ce, duk motocin Amurka haka suke. Shi ne na rufe ta na huta."

Na ɓare salatif ɗin, na ce ya kunna. Sai ga wata ƴar fitila ruwan ɗorawa, mai siffar kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, tana ƙyaftawa. Ta yi kamar minti ɗaya a haka, sannan ta tsaya cak tana ci. Wannan ita ce fitilar da ke faɗa wa direba halin da iskar tayoyinsa ke ciki. Da ita a rufe ƙanena ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000, kuma da ita a rufe yake shirin komawa da matarsa da ƴaƴansa biyu.

Ni malamin makaranta ne, ba makanike ba. Amma abin da ya biyo baya ya sa na koma na duba tarihin wannan hanya tamu, sai na ga ashe tambayar da ƴar fitilar ke ƙoƙarin amsawa ta girmi mota nesa ba kusa ba: shin abin da ke tsakaninmu da ƙasa lafiya yake? Kowane zamani da yadda ya amsa ta. Namu zamanin ne kawai ya fara rufe amsar da salatif.

Kafin taya, akwai tafin raƙumi

Duk ɗan makarantar da ya yi aji shida a nan ya ji ana kiran Damargu rumbun Abzin. Geron da ake nomawa a wannan yanki shi ne ayarin Abzinawa ke ɗauka zuwa arewa, a kai wani Bilma a musanya da gishiri da dabino, sannan gishirin ya gangaro ta nan zuwa Damagaram da Tasawa da Kano. A watan Janairun 1851 Baturen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri. A nan Damargu suka rabu da shugaban tafiyarsu James Richardson: shi ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka nufi Tasawa. Ba su sake haɗuwa ba, domin Richardson ya mutu a watan Maris kafin ya kai Kukawa.

Duk wannan kasuwanci a kan ƙafar raƙumi ya tsaya. Wanda ya taɓa duban sawun raƙumi a rairayi ya ga hikimar Ubangiji. Tafinsa taushi gare shi, idan nauyi ya hau kansa sai ya baje, ya yi faɗi, nauyin ya rarrabu, don haka ba ya nutsewa inda jaki ko doki ke nutsewa. Amma taushin nan shi ne rauninsa a kan tsakuwa da ƙaya. Tsofaffinmu sun ba mu labarin cewa madugu na gari ba ya barin ayari ya tashi sai an bi raƙuma ɗaya bayan ɗaya an duba tafinsu da bayansu. Wanda aka ga yana ɗingishi a rage masa kaya. Ba wanda ke jiran raƙumi ya faɗi kafin a san yana ciwo.

Faransawa sun ɗanɗana kuɗar rashin sanin wannan. Rundunar Foureau da Lamy ta taso daga kudancin Aljeriya a watan Oktoban 1898 da raƙuma kimanin 1,000. Kafin su fita daga Abzin mafi yawansu sun mutu, har sai da suka ƙone wasu kayansu don ba abin ɗauka. Ta Damargu suka ratso, suka isa Damagaram a watan Nuwamban 1899. Bindiga suna da ita, amma ilimin kula da abin hawa yana wajen waɗanda suka zo mallaka.

Abin da ya karya ƙashin bayan fataucin hamada ba a nan ya faru ba. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Kayan da a da ke shafe watanni daga Tarabulus a bayan raƙumi, sai ga shi yana zuwa daga teku cikin kwanaki. Ayarin gishiri da gero ya ci gaba, amma manyan ayarin Tarabulus suka yi ta raguwa har suka ɓace.

Ranar da iska ta shiga roba

A daidai lokacin da ake wannan, wani abu na tsirowa a Turai. A 1888 wani likitan dabbobi a birnin Belfast, John Boyd Dunlop, ya naɗa bututun roba mai iska a ƙafafun keken ɗansa don ya rage masa jijjiga. A 1891 ƴan'uwa biyu Faransawa, André da Édouard Michelin, suka fito da tayar keke da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, kuma a 1895 suka sa tayar iska a mota a tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma kamfanin Schrader na Amurka ya ƙera ɗan bawul ɗin nan mai tsinke a tsakiya, wanda har yau shi ne a babur da mota da tirela. Duk yaron da ya taɓa danna tsinken tayar keken babansa don ya ji "fssss", fasahar da ta haura shekara 125 ya taɓa.

Ina son malamai su riƙe wannan: ba roba ce ke ɗauke da mota ba, iska ce. Robar jaka ce kawai. Idan iskar ta yi ƙasa, gefen tayar sai ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Lanƙwasa nan zafi take haifarwa, kamar yadda waya ke zafi idan ka yi ta lanƙwasa ta da hannu. Zafin ya yi yawa, sai roba ta rabu da wayoyin da ke cikinta, taya ta fashe ana tsakiyar gudu. Idan kuwa iskar ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taka ƙasa, riƙon hanya ya ragu, kuma rami ɗaya na iya yi mata illa.

Mota ta shiga hamada

Turawan farko da suka ratsa Sahara da mota ba su amince da taya ba. Motoci biyar na kamfanin Citroën da suka taso daga Tugurt a Aljeriya ranar 17 ga Disamban 1922 suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairun 1923, tayoyi a gaba kawai gare su. Bayansu wani faffaɗan bel ne na roba, irin na katafila. A ƙarshen 1924 wasu takwas irinsu suka biyo ta Yamai da Damagaram suka wuce Tafkin Chadi. Tunaninsu daidai ne: rairayi faɗi yake so. Amma bel ɗin tsada gare shi, ga nawa, ga saurin lalacewa.

Maganin da ya dawwama ya fi wannan sauƙi. Masu yawon hamada, irin su Ralph Bagnold da ya yi ta ratsa rairayin Masar da Libiya da motocin Ford a ƙarshen shekarun 1920 da cikin 1930, sun tabbatar da cewa idan ka rage wa taya iska sai ta baje kamar tafin raƙumi, mota ta hau rairayi ta wuce. Da an fito kan tsauri sai a mayar da iskar. A shekarun 1930 ɗin ne wani kamfanin sufuri na Aljeriya da ake kira SATT ya buɗe layin fasinja daga Aljas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano. Wanda ya san taswira ya san ba yadda za a yi daga Agadas zuwa Damagaram ba tare da an taka Damargu ba. Hanyar ayari ta zama hanyar mota, ita ce yau muke kira RN11, wani yanki na babbar hanyar da aka tsara daga Aljas zuwa Legas.

Daga nan sai Berliet da Land Rover da Peugeot 404 da 504, waɗanda matasan Turai ke ratso hamada da su a shekarun 1970 da 1980 su sayar a Nijar su koma ta jirgi. Bayan an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, sai manyan motoci da yawa suka koma can, tamu hanyar ta daɗe tana jiran rabonta. A 2011 abubuwa biyu suka faru a shekara guda: aka buɗe matatar man SORAZ kusa da Bakin Birji, a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, kuma aka ɗaga Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Tankoki suka ƙaru, ƙananan motoci suka ƙaru, gudu ma ya ƙaru.

Zamanin kunne da tafin hannu

A bakin tashar Tanut akwai wani dattijo mai faci da muke kira Baba. A ƙuruciyarsa yaron mota ne a wata Berliet da ke jigila tsakanin Damagaram da Agadas, tun hanyar ba ta san kwalta ba. Wajensa na kai ƙanena washegari da sassafe.

Baba ya ba mu labarin yadda aka koya masa aiki. Kafin direba ya tashi daga barci, yaron mota ya riga ya zagaya da guntun ƙarfe yana bugun kowace taya. Mai cikakkiyar iska amo take bayarwa, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo. Mai ƙarancin iska kuwa sai ka ji "dum" kamar an bugi buhun dusa. A duk inda aka tsaya salla, sai ya ɗora tafin hannu a kan kowace taya. Wadda ta fi ƴan'uwanta zafi, ita ce mai magana. In an zo rairayi a sassauta iska, in an fita a ɗauko famfon hannu, yara biyu su yi ta karɓa-karɓa har gumi ya jiƙa su. Ya ce direban da ya yi wa aiki ba ya iya karatu, amma bai taɓa tashi ba tare da ya tambaye shi, "Ka gaishe su?" Tayoyin yake nufi.

Sai ya durƙusa gaban jar motar, ya ƙwanƙwasa tayarta, ya girgiza kai.

"Malam," in ji shi, "waɗannan ba sa amsa gaisuwa. Dubi gefenta, bai kai faɗin tafin hannuna ba, ga tauri. Ko rabin iskarta ya fita, haka za ka gan ta tsaye kamar lafiyarta lau."

Gaskiya ya faɗa, kuma tarihi na bayansa. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar sabon salon saƙa wayoyin taya, wanda ake kira radiyal, kuma yau kusan duk ƙananan motoci shi suke sawa. Irin wannan taya ko da iskarta daidai take sai ka ga ta ɗan yi ciki a ƙasa, kuma idan ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ido ba ya saurin rabewa. Motocin gudu kuma sun ƙara da gajarta gefen tayar da taurara shi. Wato dai an ƙera tayar da ta fi ta da ƙarko da riƙon hanya, amma ta daina faɗa wa ido da kunne gaskiya. Dole aka nemo mata mai magana da yawunta.

Fitilar da aka haifa a motar tsere

Motar hawa ta farko da ta fito daga masana'anta da na'urar lura da iskar taya ita ce Porsche 959 ta Jamus, a 1986. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a watan Janairun wannan shekarar, ƴar'uwarta da aka shirya don daji ita ce ta lashe tseren Paris zuwa Dakar a hannun René Metge, Jacky Ickx na biye da shi a irinta. Tseren ya ratsa ƙasarmu ta Agadas ya fita ta Yamai, kuma shi ne wanda mai shirya shi, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga watan. Ina ƙaramin yaro a lokacin, iyakar abin da na riƙe shi ne manya na zancen motocin Turawa masu tayar da ƙura.

Shekaru da yawa na'urar ta tsaya a motocin masu hannu da shuni. Abin da ya sauko da ita ga kowa jini ne. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke kan motocin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa ana gudu, motocin na kifewa, galibi a jihohin Amurka masu zafi da ƙasashe irin su Saudiyya da Venezuela. Sama da mutum 200 suka rasa rayukansu a Amurka kaɗai. A watan Agustan 2000 aka janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa. Kamfanonin biyu suka yi ta nuna wa juna yatsa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka yi gardama a kai shi ne yawan iskar da ya kamata a sa: 26 ko 30 a ma'aunin Amurka. Kafin shekarar ta ƙare majalisar dokokin ƙasar ta yi doka, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai ta zo da na'urar da za ta kunna fitila idan iskar taya ta yi ƙasa da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu, daga Nuwamban 2014 dokar ta hau kan duk sabbin motoci.

To ga inda abin ya shafe mu. Motocin da aka ƙera a ƙarƙashin waɗannan dokoki su ne suka tsufa suka cika kasuwannin Kwatano da Lome, su ne kuma ke tashoshinmu. Sun zo da na'urar, amma ba su zo da bayaninta ba.

Na'urar iri biyu ce. Ta farko, a cikin kowace taya, a gindin bawul, akwai ɗan ƙaramin ma'auni da makanikai ke kira sensa. Yana da batir ɗinsa, yana auna iska ya aika wa kwamfutar mota rahoto ta iska kamar rediyo. Batirin a toshe yake ba a canza shi, kuma yakan yi shekara 5 zuwa 10. Ta biyu ba ta da sensa a cikin taya. Kwamfuta ce ke ƙirga juyin kowace ƙafa ta hanyar na'urar birki: tayar da ta rasa iska takan ɗan ƙanƙance, sai ta fi sauran saurin juyi. Irin wannan, duk lokacin da aka gyara iska ko aka sauya taya, sai an danna maɓallin da ke sanar da ita cewa wannan shi ne sabon daidai.

Yadda muka bi diddigin laifin

Abu na farko shi ne sauraren fitilar, domin harshe biyu gare ta. Idan ta kama kai tsaye ta tsaya, cewa take iska ta yi ƙasa. Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya ko ɗaya da rabi sannan ta tsaya, cewa take, "Ni kaina ba ni da lafiya, kada ka dogara da ni." Ta ƙanena ta biyun take faɗa. A nan makaniken Kwatano ya yi rabin gaskiya: laifin na na'ura ne. Rabin da bai faɗa ba shi ne, na'urar da ta makance ba za ta iya gargaɗi ba ko da taya na gab da fashewa.

Abu na biyu, ma'auni. Baba ya ɗauko nasa, muka auna tun tayoyin na sanyi, motar ba ta yi ko kilomita biyu ba. Adadin da ake bi shi ne wanda ke rubuce a ƴar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake cikawa ba. Takardar ta ce 35 a lissafin Amurka, wato kimanin kilo 2.4 a namu. Uku daga cikin tayoyin suna kilo 3, domin wani mai faci a hanya ya ɗura musu har sai da suka yi masa tauri a babban yatsa. Ta baya ta hagu kuwa kilo 1.6. Mu huɗu muka tsaya muna kallonta, ba wanda ya ga bambanci.

Abu na uku, neman inda iskar ke bi. Baba ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a bawul, da inda roba ta haɗu da ƙarfe, da faɗin tayar. Kumfa ta taso a kan wata ƴar ƙusa da kanta ya riga ya goge. Da ya buɗe tayar sai ga wani abin: babu sensa a cikinta sam. Bawul ne na roba irin na kowa. Wani a baya ya karya na asalin da ƙarfen ɓare taya, ya jefar, ya yi shiru. Baba ya ce shi ma ya karya biyu kafin ya gane ko mene ne, yanzu idan ya ga bawul na ƙarfe mai noti sai ya fara ɓarewa daga nesa da shi.

Sauran ukun sai a Damagaram aka duba su, wajen wani mai gyaran wutar mota da ke da na'urar gwaji. Ya kai ta kusa da kowane bawul. Biyu ba su ce uffan ba, ɗaya ya amsa da ƙyar. Shekara 14 ke nan, batir ya cika aikinsa har ya yi ƙari. Ya gargaɗe mu da abubuwa uku. Sensan motar Amurka galibi a zango na 315 yake magana, na Turai a 433, don haka idan ka sayo na Turai ka sa wa ta Amurka, kurma ne da bebe. Bayan an sa sababbi sai an gabatar da su ga kwamfutar motar, in ba haka ba ba za ta san su ba. Sannan a guji ɗura ruwan toshe huda barkatai, domin yana iya toshe bakin sensa.

Akwai kuma wani hali da ke ruɗa mutane a nan musamman. Iska na kumbura da zafi, tana takurewa da sanyi: kowane digiri 10 na sauya ƙarfinta a taya da kimanin kilo 0.1. A watan Janairu safiyar Tanut sai da bargo, da rana kuwa sai an nemi inuwa. Don haka fitila na iya kamawa da asuba ta mutu da hantsi. Wannan ba lalacewa ba ce, alama ce cewa iskar na bakin iyaka, a ƙara. Haka kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, idan ka auna taya bayan doguwar tafiya za ka ga ta hau. Kada a rage. Da ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Ƙanena ya yi odar sensa huɗu daga Kano. Kafin su iso, Baba ya sa shi ya sayi ma'aunin hannu na ƴan jikkuna, ya ce masa, "Ɗana, wannan ba ya cin batir."

Abin da ya rage gare mu

Mafi yawanmu ba mu da mota, balle mai ƙofa biyu. Amma ƴaƴanmu na shiga mota: masu tafiya jarrabawa, masu komawa makaranta a Damagaram bayan hutu, masu bin iyayensu kasuwa, amare da ƴan rakiyarsu. Motocin nan ɗauke suke da fiye da ƙarfinsu, a kan tayoyin da suka gama aiki a wata ƙasa, a kan kwalta mai zafi. Nauyi, tsufa, zafi, ƙarancin iska: abubuwan da ke kashe taya ke nan, kuma mu huɗun muke tarawa a tafiya guda. Duk wanda ke bin RN11 ya ga ɓallin baƙar roba a gefen hanya, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa zuwa ta'aziyyar "taya ce ta fashe" ba. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Abin da ya fi damuna a labarin ƙanena shi ne salatif ɗin, fiye da ƙusar. Yaron motar 1975 ya san ba wanda zai duba masa, don haka ya duba. Direban yau an ce masa mota na duba kanta, sai ya daina dubawa. Da fitilar ta ishe shi kuma, ya rufe ta. Ya rasa ilimin Baba, bai kuma samu na Bature ba.

Mu malamai muna iya cike wannan giɓi da abin da ke hannunmu. A ajina na ɗaure balan-balan a bakin kwalba na ajiye a rana, yara suka ga ya kumbura, muka mayar cikin ruwan randa ya saki. Daga nan na kai su wajen babur ɗina da ma'auni, muka auna da safe, muka sake aunawa bayan na dawo daga kasuwa, suka rubuta bambancin da kansu. Na kuma koya musu karanta shekarun taya. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 3514 na nufin mako na 35 na 2014. Kamfanonin taya da dama na ba da shawarar a ajiye duk wadda ta kai shekara 10 ko da zanenta bai goge ba. Mako guda bayan darasin, wani uba ya tare ni a masallaci yana dariya, ya ce ƴarsa ta hana shi sakat sai da ya durƙusa ya karanta tayar babur ɗinsa.

Iyaye kuma, idan za ku sa yaro a mota, zagaya ta sau ɗaya ba rashin kunya ba ne. Ku dubi tsagewa a gefen taya, ku dubi ƙullutu, ku dubi inda waya ta leƙo. Idan kun ga fitila na ci a gaban direba, ko kun ga an manna mata wani abu, ku tambaya cikin ladabi. Direban kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa, akwai wata motar a bayansa. Masu mota su auna iska aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Bikin Belbeji ya yi kyau, mun je a bayan wata tsohuwar Toyota. Da muka zo wani kwari mai rairayi, yaron motar ya diro ya sassauta iska, muka wuce, ya sake dirowa da famfo. Ƙanena na zaune kusa da ni yana kallonsa bai ce komai ba. Ranar da zai koma Kwatano na fito da asuba in yi masa rakiya, sai na tarar da shi a durƙushe da fitilar waya a baki, yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya da ma'auninsa.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.